Ruwan Hamid

Motar da mahaifinmu ya bar mana ta girmi ƙanwata Huda, ta kuma fi ta taurin kai. Boksi ce fara mai buɗaɗɗen baya, da ita nake kai albasa kasuwar garin Hajj Abdalla. Bana ta tsiro da sabon iskanci: tana cikin tafiya sai ta yi tari ta mutu, ta sha hutunta, sannan ta tashi kamar ba ita ba. Na canja fulogi, na wanke tanki, na zage ta har na gaji.

Ana cikin haka aka bugo waya daga wani ƙauye gaba da garin Sinja, cewa jikin Kawu Ɗan'auta, ƙanin Inna, ya yi tsanani, kuma sunanta yake ta kira. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna kuwa tun da ta karye a ƙugu ba ta iya hawa lori, kujerar gaban boksinmu ce kawai take ɗaukar ta. A ranar ce motar ta ga dama ta ƙi tashi sam.

Tarakta ce ta ja ni zuwa garejin Bilyamin makanike. Ya gwada wuta, ya gwada mai, sai ya zagaya ɓangaren fasinja ya ɗaga ledar ƙasa. Wajen duk tsatsa ne. Ya kwance wani ɗan akwatin ƙarfe, ya zare wayoyinsa ya nuna mini haƙoran sun yi kore.

"Kwamfutar injin ce, ita ka raba mai da wuta. Ruwa ya cinye ta. Ya zol, ɗan'uwa, wa ka zama nan?"

"Inna."

"Mi taka ajewa gun ƙahwahunta?"

Nan take na gane. Inna ba ta shiga mota sai da jarkarta, wadda ta ɗinke cikin tsohon buhu. Takan jiƙa buhun sharkaf don ruwan ya yi sanyi, duk inda ta ga masu noma a hawasha, wato gonar ban ruwa, sai ta ce in tsaya ta ba su. Shekara da shekaru buhun nan yana ɗiga a kan kwamfutar. Raina ya ɓaci, na rantse sai na jefa jarkar a tur'a, babbar kwatar da ke kai ruwa gonaki.

"Bar rantsuwa," in ji Bilyamin. "Nemo wata mai lamba iri ɗaya da wagga. Sabuwa kam babu, sun daina zuwa. Mota guda na sani irin taka, ta gidan Alamin."

Baba Alamin dattijo ne a ƙauyenmu, motar kuma ta ɗansa Hamid ce, wanda ya rasu a shekarar da faɗa ya iso mana. An kwashe tayoyinta da batir, tana zaune a kan bulo ƙarƙashin dalbejiya, amma tsohon nan kullum sai ya goge ta. Masu sayen kayan gyara sun yi zarya, ko kusa ɗaya bai yarda an cire ba.

Na same shi a inuwar motar yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, har da maganar jarkar, ina faɗa ina huci.

"Wato ruwan Innarku Hajja Fadimatu na yak kashe arabiyarku?" Ya yi 'yar dariya. "Hamid ya sha ruwan nan ba adadi, sadda yaka noma hawashata ta bakin hanya. In ya dawo sai ya ce, yau Hajja ta wuce."

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ba ni haƙuri.

"Kira Bilyamin shi cire. Halas, an gama. Amma ban sayar ba, kuma kar ka taɓa mata jarka."

Bilyamin ya zo ya ciro kwamfutar motar Hamid a bushe, tsaf. A gareji ya fara cire kan batir, ya gwada lambobin biyu kusa da kusa, ya kankare koren da ke bakin wayoyin. Bai mayar da ita ƙasa ba, sai ya ɗaure ta can sama bayan aljihun mota, inda ko wanka Inna ta yi ruwa ba zai kai ba. Na murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya. Na daɗe riƙe da sitiyari, godiya ta cika mini ciki.

Washegari da safe muka kama hanya, Inna a gaba da matashinta, jarkar na ɗiga a ƙafarta, Huda a gefenta. Ban faɗa wa Inna komai ba, amma Huda ba ta iya riƙe magana, ta kwashe labarin kyautar Baba Alamin ta faɗa mata. Kusa da garin Makwar Inna ta hango mata suna cirar ciyawa, ta ce in tsaya. Na ce muna sauri fa. Ta harare ni, na tsaya. Kowace ta sha, sai Inna ta ce mata, "Ki yi wa Hamid ɗan Alamin addu'a."

Mun tarar da Kawu da ransa. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Inna ta zauna a bakin gadonsa, ta ɗago kansa ta ba shi ruwan jarkar a ƙaramin kofi. Ya kurɓa, ya buɗe ido ya daɗe yana kallon ta.

"Yaya, kin iso? Anka ce motarku ta mutu. Wa ya kawo ki?"

"Hamid."

Kawu bai san wani Hamid ba, bai kuma tambaya ba.

"Allah shi yi mishi albarka. Kar ku bar shi waje cikin rana. Ku kai mishi ruwa shi sha."

Inna ta share ido da bakin mayafinta, ta cika kofin, ta miƙo mini. Na fita da shi ƙofar gida, na ba mutumin farko da na gani.