Shafi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ranar da matarsa ta rasu, yana shafi na ɗari biyu da sha huɗu na wani littafi da yake karantawa. Da safe ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi wata magana, ya ce "uhm" bai ɗago ba. Kafin azahar aka kira shi daga asibiti. Shekara talatin da biyar yana gyaran rubutu a maɗaba'a, ko waƙafi bai taɓa kuɓuce masa ba, sai ga maganar ƙarshe ta matarsa ta wuce shi. Maganar nan yake nema tun daga ranar.

Shi ya sa da 'yarsa, mai bincike a jami'a, ta ce suna neman tsofaffi don gwajin mai da hankali, shi ya fara ba da sunansa.

Ɗakin bai wuce kujera da tebur da kwamfuta ba. Ta jiƙa soso biyu a ruwan gishiri, ta ɗaure masa a ka da roba, ta haɗa wayoyinsu da wata na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba.

"Baba, lantarkin kaɗan ne, ƙaiƙayi kawai za ka ji. In jan harafi ya fito, ka danna."

"Yana dawo da abin da mutum bai saurara ba?"

"A'a. In ma ya yi aiki, ɗan ƙarin natsuwa ne."

"Uwarki ta yi shekara arba'in tana fama da ni, ashe soso da gishiri ne maganin."

Kwana goma yana zuwa. A rana ta uku ya lura tana cije leɓe in tana ɗaure robar, sak uwarta. A ta biyar ya gane shi kaɗai take ɗumama wa ruwan. Ya sakankance na'urar na aiki, har ya fara yi mata kallon girmamawa, abin da bai cika yi wa mutane ba.

Ƙa'idar gwajin ita ce rabin mutanen lantarkin gaske suke samu, sauran kuwa na'urar na kashe kanta bayan daƙiƙa talatin, kuma ko 'yar ba ta san rabon kowa ba sai an gama. Da aka buɗe takardar, yana cikin na bogi.

"Wato wankan gishiri na zo yi," in ji shi. "To, Uwata, ya aka yi na ga kina ɗumama mini ruwa?"

"Babu littafi a hannunka ne, Baba."

Sannan ya gaya mata abin da ya kawo shi.

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. "Ai ina bayanta, ni na zo kai ta ganin likita. Cewa ta yi tabaraunta ne a idonka, naka na kan tebur, amma ka riƙe, ya fi yi maka kyau."

"Don me ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka. Sau biyu. Ka ce uhm."

Da ya koma gida ya ɗauko littafin, wanda bai sake buɗewa ba tun ranar. Tabaraun na maƙale a shafin inda ya bari, mai siririn ƙarfe, ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Ya rufe littafin, ya juya ya fuskanci ƙofa, kamar yadda ya kamata ya yi a safiyar nan, ya ce:

"Me kika ce?"