Gurbi na Takwas

Koci yana naɗa masa bandeji a hannun hagu, yana ja da ƙarfi kamar mai ɗaure dabbar da yake tsoron ta tsinke.

"Ya yi tsauri," in ji Bahago.

"Da gangan na yi. Duk sanda ka motsa shi ina so ka tuna da ni." Koci ya yanke filasta da haƙori. "Maimaita mini."

"Ƙafar hagu a gaba. Hagu taɓawa kawai. Duka da dama."

"Turmi nawa?"

"Uku."

"Uku rak. Ko mai gudawa ai yana iya daurewa turmi uku."

Ɗakin canza kaya ba shi da taga, sai fanka ɗaya da ke kwasar warin gumi da man zafi daga wannan kusurwa tana kaiwa waccan. Ta bayan bango ana jin jan kujeru. Masu zaɓe sun iso.

Gasar damben zamani ce ta mutum takwas, za a nuna ta a talabijin. An riga an cike gurbi bakwai, kuma cikin bakwai ɗin babu wanda aka gwada dambensa kafin a zaɓe shi. Wani kamfanin lemo ne ya tsaya masa, wani yana da mabiya a waya da za su cika kujeru, wani kuma kawunsa ya san wanda ya kamata a sani. Gurbi na takwas kaɗai aka ce za a yi gwaji a kansa, don a samu abin faɗa wa 'yan jarida. Masu kallo suna zaton gwani ake nema. Ba ƙarya, ana nemansa, amma daidai gwargwado. Wanda ya samu gurbin shi zai fara karawa da Walƙiya, yaron Ciyaman, wanda shi Ciyaman ɗin ne mai kulob kuma mai shirya gasar. Don haka ana son mutumin da zai sa Walƙiya gumi, ba wanda zai fitar masa da jini ba.

Kuma a wannan sana'a babu mai son bahago. Mai dama yana sa ƙafar hagu a gaba, bahago yana sa ta dama, sai ƙafafu su yi ta takun juna, kawuna su yi ta karo, naushi ya zo ta gefen da mutum bai saba tsarewa ba. Da Bahago ya zo kulob ɗin yana saurayi, ya kwantar da duk wanda aka kawo masa. Sai aka daina kawowa. Koci ya zauna da shi wata da watanni yana juya masa tsayuwa, har Ciyaman ya fara cewa "an gyara shi". Daga nan ya zama abokin atisayen Walƙiya: yana tsayawa da dama, yana shan duka da ladabi, yana nuna wa yaron inda ake buɗewa. Lasisinsa yana ƙarƙashin kulob ɗin. Ɗakin da yake kwana da iyalinsa, a bayan ginin, shi ma na kulob ɗin ne. Baɗi kuma shekarunsa za su wuce iyakar da hukuma ta sa wa irin wannan gasa.

"Ni dai ka shiga," in ji Koci, ya rage murya. "In sunanka ya fita a talabijin, babu mai iya cire shi. Ranar gasa kuwa, ni tsoho ne, ba na gani sosai. Ban san wace ƙafa mutum zai sa a gaba ba."

Bahago ya ɗaga kai ya dube shi. Koci ya ci gaba da ɗaure igiyar safa kamar bai ce komai ba.

Da safe ma kusan haka matarsa ta ce masa, tana guga a kan gado don babu wurin tebur. "Baban Aku, abin da suke so su gani, nuna musu. Ba ka da girman kai a gida, kada ka je ka aro shi a can." 'Yarsu, wadda ake kira Aku saboda surutu, tana ƙasa a lokacin tana aikin makaranta da fensir a hannun hagu. Ya wuce ta kanta, ya zare fensirin ya mayar mata dama, kamar yadda yake yi kullum, ba tare da ya ko dube ta ba.

A babban ɗakin atisaye an jera tebur kusa da igiyoyi. Ciyaman yana tsakiya, da kofin shayi a gabansa. A damansa mutumin talabijin, yana kallon fili ta cikin waya, a hagunsa wakilin hukumar dambe da likita. Walƙiya yana tsaye can baya da abin jin waƙa a kunne, yana taunar cingam.

Abokin karawar wani yaro ne dogo da ake kira Kafinta, don da rana aikin da yake yi ke nan. Da suka taɓa safa ya ce, "Baba, a yi mini a hankali, ina da kujerun mutane da ban gama ba."

"Wa kake ce wa baba?"

"To, Yaya. Yaya mai furfura."

Aka buga ƙararrawa.

Turmi na farko ya tafi yadda aka tsara. Bahago ya sa ƙafar hagu a gaba, yana taɓa yaron da hagu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, yana jefa dama jefi-jefi. Damarsa ba laifi, dama ce ta koyo, tana zuwa inda aka aike ta amma ba ta zuwa da sauri. Kafinta ya same shi a haƙarƙari sau biyu. Bahago ya ji Ciyaman yana cewa, "Kun gani? An gyara shi tas."

A turmi na biyu ya fara ganin ƙofar. Duk sanda yaron ya jefa dama, sai ya sauke kafaɗa ya bar haɓarsa a fili, fili mai faɗi, kamar an share an yayyafa ruwa ana jiran baƙo. Hagun Bahago ta gani tun kafin idonsa ya gani. Ta yi ta motsi a cikin bandeji. Ya danne ta da gwiwar hannu a jikin ciki, ya bar ƙofar ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe.

A kusurwa Koci ya zare masa robar baki ya zuba masa ruwa. "Haka nake so. Mai talabijin yana murmushi. Saura ɗaya. Kada ka yi mini wayo."

"Haɓarsa a buɗe take."

"Na gani. Ba taka ba ce. Bar masa kayarsa."

Turmi na uku ya kusa rabi sai Kafinta, wanda ya fara jin daɗin kansa, ya tura shi jikin igiya ya kawo masa wata dama a kan kunne. Duniya ta yi shiru. Fitilun rufi suka rabu biyu. Bahago bai yanke shawarar komai ba, wannan zai iya rantsewa a kai. Ƙafarsa ta dama ce ta zame gaba da kanta, ƙugu ya juya, hagu ta fito daga inda aka ajiye ta shekara da shekaru.

Ba ta yi ƙara sosai ba. Kafinta ya durƙusa kamar wanda ya tuna zai ɗaure takalmi, sannan ya kwanta a gefe.

Alƙalin wasa ya fara ƙirga. Bahago ya tsaya a kusurwa yana huci, kuma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne daɗin da ya ji. Tun daga kafaɗa har yatsu hannun yana raye. Ya duba tebur. Babu wanda ya tafa. Walƙiya ya cire abin kunnensa, ya daina tauna. Kafinta ya kama igiya ya miƙe kafin a gama ƙirga, ƙafafu na rawa, yana murmushi da jini a haƙora. Ciyaman ya ɗaga hannu, aka buga ƙararrawa tun lokaci bai cika ba.

Aka ce su jira a baranda. Benci ɗaya ne, don haka suka zauna tare, Kafinta da ƙanƙara a muƙamuƙi.

"Yaya, da guduma ka shigo?" in ji shi, maganar tana fita ta gefen baki. "Ni fa na yarda. Gurbin naka ne. Ka dai saya mini maganin ciwon kai."

Koci yana tsaye ya ba su baya, yana kallon bango. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, muryoyi suna fitowa.

"Wanda ya kayar ai shi ya ci," in ji wakilin hukuma, a hankali, kamar mai neman a yi masa gardama.

"Ba cin gasa muka zo gani ba, ranka ya daɗe, zaɓe muka zo yi." Wannan mutumin talabijin ne. "Ku dubi dogon nan. Ya faɗi, ya tashi, yana dariya. Abin da mutane ke so ke nan. Shi kuwa ɗayan, minti ɗaya zai gama mana shiri, me za mu sa a sauran lokacin? Talla?"

"Kuma bahago yana kawo karon kai," in ji likita. "Ni ne zan yi ɗinkin."

Aka ji kofin Ciyaman ya sauka a kan faranti. Shi ke nan muhawarar.

Ciyaman ya fito da fara'a, ya dafa kafaɗar Kafinta. "Barka, yarona. Likita zai duba ka, ka huta kwana biyu, sai a fara shiri." Kafinta ya juya ya dubi Bahago. Likita ya ja shi ciki.

"Kai kuma," in ji Ciyaman, ya zauna a inda yaron ya tashi, "ka ba ni tsoro yau. Ashe ciwon bai warke ba." Ya yi dariya. "Ba komai. Irinka ba a jefa shi cikin gasa, a gida ake ajiye shi. Daga jibi da safe kana tare da Walƙiya kamar kullum. Da yamma kuma ka kama yaron nan, ka koya masa rufe haɓa, kada ya faɗi mana da wuri. Da dama fa."

"Ranka ya daɗe," in ji Bahago. "Ko za a sake mini lasisina, in gwada wani kulob kafin baɗi?"

"Ka je ina? Wa zai ba ka abokin karawa? Tambayi Koci." Koci bai juyo ba. "Mu nan iyali ne. Af, Maman Aku ta ce rufinku yana yoyo. Zan turo a duba. Ka ga ma mun samu kafinta a gida."

Ya sake yin dariya, ya tashi ya tafi.

Koci ne ya kwance masa bandejin, a hankali wannan karon. Da ya zo ƙarshe ya riƙe hannun hagun ya ɗan juya shi, yana duba ƙullin yatsun.

"Ka ɓata mana komai," in ji shi. "Amma ta yi kyau. Wallahi ta yi kyau."

Daga ƙofar bayan kulob zuwa ɗakinsa ɗan lungu ne, tsakanin tankin ruwa da tsofaffin buhunan naushi da suka fashe. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Matarsa tana bakin ƙofa tana kwashe shanya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi kunnen da ya kumbura, ba ta tambaye shi komai ba. Ta ce, "Akwai ruwan zafi," ta ci gaba da ninke kaya, tana ninke riga ɗaya sau biyu.

A ciki Aku tana kwance rub da ciki tana zane a bayan littafinta, tana yi wa kanta hira. Da ta ji inuwarsa a kanta sai ta yi sauri ta mayar da fensirin daga hagu zuwa dama, ba ta ko ɗaga kai ba.

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zare fensirin ya sa mata a hagu, ya rufe yatsunta a kai da nasa.

"Yi da wannan."

Ta dube shi da mamaki. "Baba, kai fa ka ce babu kyau."

"Na sani. Yi da shi."

Ta ja layi ɗaya, ya fito a miƙe, mai tsabta. Ta kalle shi, ta ɗan yi tunani irin na manya.

"Malama ba ta zaɓen mai hagu ya yi rubutu a allo," in ji ta. "Ni kuma ina so a zaɓe ni."

Ta mayar da fensirin dama, ta ciji leɓe, ta ci gaba da jan layinta a karkace. Ta bayan bango aka fara dukan buhu, tim, tim, 'yan atisayen yamma sun iso. Bahago ya gyara mata littafin don hasken ƙofa ya faɗa a kai, ya tashi ya je neman ruwan zafi.