Ramin da Ke Bayan Furanni

'Yar Lucille ta gindaya mata sharaɗi: ko ta gyara bangon murhu kafin dusar ƙanƙara ta sauka, ko ta kulle gidan gona ta koma birni wurinsu. Lucille ba ta son birni. Ta kira wanta Armand.

Da suka fasa bangon inda bututun murhu ya ratsa zuwa hasumiyar hayaƙi, sai ga katakon ciki ya yi baƙi ƙirin. Armand ya taɓa shi da yatsa, ya marmashe kamar gawayi.

"Auta, ashe a bakin kabari kike shan shayi."

"Yaya, bulo na ce ka miƙo, ba wa'azi ba."

Suka yanke katakon, suka sa bututun yumɓu, suka kewaye shi da jan bulo mai kauri ta kowane gefe. Ita ke ɗorawa, shi yana kwaɓa siminti yana kushe layinta. Layin kam ya ɗan karkace, amma ya tsaya.

Da ginin ya bushe, Lucille ta ɗebo itace za ta hura wuta.

"Dakata," in ji Armand. "Baba bai taɓa yarda da sabon gini ba sai hayaƙi ya ba da shaida."

Ya hau rufi da tsani yana nishi, ya toshe bakin hasumiyar da jiƙaƙƙen buhu, don in akwai kafa hayaƙi ya tona ta. Ita kuma ta cinna wa ɗanyen ganye wuta a murhu. Ta bi sabon bulon da ido. Ko ɗis hayaƙi bai fito ba.

Sai ta ji ƙauri daga bene.

A ɗakin da jikarta ke kwana in sun zo hutu, hayaƙi na tsattsafowa daga takardar ado mai furanni da aka manna a bango, dab da kan gado. Ta yage takardar. Tsohon ramin bututu ne da ya ratsa cikin hasumiyar. Mutanen da, in sun cire murhu daga ɗaki, sai su kifa farantin kwano a ramin, su manna takarda, su manta. Farantin ya yi tsatsa, ya huje.

Ta zauna a bakin gadon.

Armand ya hawo yana tari. Ya dubi ramin, ya dubi matashin kan yarinyar. Wannan karon bai yi tsiya ba.

"Akwai sauran bulo," ya ce.

Suka cike ramin kafin azahar. Ta zuba masa miyar wake har bakin kwano, ta tura masa gurasar gaba ɗaya.

"Yaya, Allah Ya saka."

"Ki gode wa Baba. Ni buhu kawai na ɗauka."

Ta ɗaga waya ta kira 'yarta. "Ku zo Kirsimeti," ta ce. "Ina nan gidana."