Jan Fenti a Gandun Farko

"Wai duka Mai Daji ya ce a sare," in ji matar direba, ta leƙo ta kan katanga da jiƙaƙƙen zanin gado a kafaɗa. "Gandun da ya dasa da hannunsa, Malama! An gan shi shekaranjiya da gwangwanin jan fenti, yana bin itatuwan yana shafa musu."

Malama ta ɗago daga jarida, ta zamo da tabarau kan hanci. "Wa ya gan shi?"

"Kowa ma."

"Kowa ba shi da ido. Wa ya gan shi?"

"To, maigidana ya ji a wajen masu gadi. Wai haushi ne. Sabon ginin sashen da aka buɗe ba a sa masa sunansa ba, shi ne ya ce tunda haka ne a kwantar masa da itatuwansa."

Malama ta tsufa tana shugabantar firamaren 'ya'yan ma'aikatan jami'a, kuma abin da aikin ya koya mata shi ne, duk ranar da aji guda ya haɗa baki kan wanda ya fasa taga, to a nemi wani. Ta ninke jaridar, ta zura takalmi.

Gidan Mai Daji na kallon nata, titi ne kawai a tsakani. Farfesa ne, amma ba mai kiransa haka a layin. Shi ya kafa sashen nazarin gandun daji a jami'ar, lokacin da duk sashen bai wuce ɗaki guda a bayan ma'ajiyar kayan shara ba, ɗalibansa kuwa ba su cika benci biyu ba. Dariya ake musu, ana cewa sun zo neman digirin faskare. Da waɗannan ɗaliban ya dasa wani fili da ba mai so a bayan filin ƙwallo, suna ɗebo ruwa a bokiti daga famfon ɗakin kwanan ɗalibai. Yau sashen bene ne hawa uku, da ɗakunan gwaji da motocinsa, har da na'urorin da ke ƙirga itatuwa daga sama. Filin nan kuma ya zama Gandun Farko, inda duk wanda ya gama karatu sai ya je ya ɗauki hoto da rigarsa.

Auta, 'yarsa da ta dawo gida jinyarsa, ita ta buɗe ƙofa. "Inna, gara da kika zo. Ki yi masa faɗa. Ya sa na kai shi gandu, bai shafa wa itace goma ba numfashi ya ƙwace masa. Likita ya ce zuciyar ba ta da sauran wasa."

Yana kwance an tokare shi da matasai, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Akwai jan fenti a ƙarƙashin farcensa.

"Hedimasta," ya ce. Haka yake kiranta tun suna da ƙarfinsu. "Kin zo da bulala?"

"Na zo da tambaya. An ce kana fushi da gini."

Ya yi dariya har ta koma tari. Auta ta miƙa masa ruwa. "Gini? Ginin da rufinsa zai fara yoyo kafin damina uku? A sa masa sunan wanda ya ba da kwangilar, shi ya dace."

"To fentin fa?"

Ya gyara kwanciya. "Kin taɓa cusa yara tamanin a ajin mutum talatin?"

"Shekara nawa ina yi."

"Waye ya koyi karatu a ciki?"

"Na gaba-gaba. Su ma da kyar."

"To haka gandun nan yake. Da gangan muka dasa su kusa da kusa, don su yi tseren neman rana su miƙe sambal. Amma in sun tasa sai a rage, a cire na cirewa, sauran su samu wurin yin ƙiba. Abin da muke koya wa 'yan aji ɗaya ke nan. Lokacin ragewa ya zo ina ta faman neman a ba mu gini, na ce baɗi. Baɗi ta zo na ce baɗi. Na yi ritaya. Duk wanda ya gaje ni sai ya ce wa zai taɓa itatuwan Baba? Yanzu sun shaƙe juna. In ba a rage ba, iska mai ƙarfi guda za ta kwantar da su kamar tsintsiya."

"Ka gaya wa shugabar sashen?"

"Ta fi ni sani. Ni na koyar da ita. Sai ta ce, to Baba, za a duba." Ya juyo da kai. "Kuma na san abin da za su yi in na tafi. Za su zagaye shi da waya, su kafa allo, ba mai sake shiga da zarto har abada. Kabari za su mai da shi, Hedimasta, alhali gona ce."

Malama ba ta ce ta yarda ba. Mutum yana iya zama maƙwabcinka na kirki, mai aiko maka da dashen lemo, kuma ya zama tsufa ya fara taɓa shi. Washegari da hantsi ta hau motar haya zuwa jami'a don ta gani da idonta.

Daga waje gandun gwanin kyau, kore shar. Da ta shiga ciki sai ta ji kamar ta shiga ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Duhu, sanyi, ƙasa fayau ba ko ciyawa. Itatuwan dogaye ne sirara, ganye sai can ƙololuwa, ɗan tuntu kamar hular yaro. Ta dafa ɗaya, ɓawon ya zubo mata a hannu. Wasu sun bushe a tsaye, sun jingina da 'yan'uwansu. Ta bi jan fentin. Ba kowane itace aka shafa wa ba: a tsallake biyu, a shafa ɗaya, yawanci karkatacce ko mai rauni. Alama ta farko kuwa tana bakin shiga, a jikin itacen da ya fi kowanne kauri, mai baƙin allo da aka rubuta cewa shi ne itacen da wanda ya kafa sashen ya dasa da hannunsa. Ya rabu biyu tun daga ƙirji, ya baje rassa ya danne na kusa da shi. Fentin ya gangaro har kan allon.

Ta haura benen sashen tana hutawa a kowane hawa. Sakatare ya ce shugaba tana taro. Malama ta ce ya shiga ya ce mata wadda ta hana ta cin alli ce ke sallama.

Shugabar ta fito da sauri, mace mai furfura a goshi, ta rusuna. "Malama! Da kanki?"

"Da kaina, 'yar nan. Gaya mini gaskiya, tsohon nan ya ruɗe ne ko daidai yake faɗa?"

Shugabar ta rufe ƙofar ofis. "Daidai yake faɗa. Tun ina ɗaliba ya kamata a yi."

"To me ya hana ki?"

"Malama, kowane itace a wurin nan da mai shi. Wannan na tsohon shugaban jami'a ne, wancan na wani ne da ya rasu, 'ya'yansa na zuwa su tsaya a gindinsa. In na sa zarto, ba za a ce na rage cunkoso ba. Cewa za a yi macen da aka ba sashe ta share tarihin Baba yana kwance ba lafiya. Ga shi yanzu har an fara cewa shi ma haushi ne ya sa shi. Duk ta inda na bi, sunan wani zai ɓaci."

"Kin ga wanda ya fara shafa wa?"

Shugabar ta sunkuyar da kai. "Na gani."

"Wa zai yi miki ƙorafin nasa bayan mai gandun ya ba da nasa? Ki fara da shi. Kuma ki yi yana da rai, ya ji da kunnensa. In kika jira, ke ma kin san ba za ki iya ba." Malama ta miƙe tana gyara mayafi. "Da can ma haka kike, kin san amsa sarai, sai ki zauna kina kallon allo har a tashi."

"Kai, Malama!"

"Ƙarya na yi?"

Ranar da aka sare itacen, shugabar ta tara malamai da ɗalibai, ta kira Auta a waya, Auta ta kara wa mahaifinta a kunne. Malama na zaune a kujerar gefen gado. Ta ji kukan injin zarto siriri daga cikin wayar, sai ihun "A matsa! A matsa!", sai wata ƙara kamar an yar da katifa daga bene. Mai Daji ya lumshe ido.

"Ya faɗi inda aka so?" ya tambaya.

Auta ta tambayo. "Wai daidai, Baba. Bai taɓa na kusa ba."

"Madalla. Ashe na koyar da wani abu."

Da yamma shugabar ta zo da kanta, ɗauke da yanki guda da aka yanko daga gindin itacen, zagayayye kamar faranti, an goge fuskarsa sumul. Ƙamshin ɗanyen katako ya kori warin magani daga ɗakin. Aka ɗora masa a cinya. Ya sa yatsa a tsakiya, inda zobban shekaru suka fara.

"Zo ki yi karatu, Hedimasta. Kowane zobe shekara guda. Kin ga waɗannan masu faɗi? Lokacin bokiti ke nan. Ba mu da komai, amma kowa na da rana." Yatsan ya matsa. "Nan, wannan siririn, shekarar da ruwa ya ƙi. Nan baƙin tabon, gobara ce, wani ɗalibi ya je shan taba a ɓoye. Yanzu babban mutum ne, ba zan faɗi sunansa ba. Nan aka ba mu mota ta farko, wadda sai an tura. Nan wannan yarinyar ta shigo, tana kuka wai ita likitanci ta nema."

"Baba, har yau ba ka manta ba?" in ji shugabar, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Ina fa. To duba nan." Yatsan ya iso bakin faifan, inda zobban suka matse har farce ba ya raba su. "Wannan shi ne mai ƙarfin cikinsu, ga yadda ya ƙare. Ki auna sauran."

Malama ta gyara tabarau, ta sunkuya ta duba da kyau, ta sa nata farcen. Sai da ta gamsu ta ɗago. "Na gani," ta ce.

"Hedimasta ta ce ta gani! Auta, rubuta ranar nan."

"Sauran fentin fa, Baba?" shugabar ta tambaya. "Ba ka gama ba."

"Gwangwanin na bayan ƙofa. Ki ɗauka. Kada ki duba na wane ne, ki ɗaga kai ki duba sama. Wanda ya tare wa na kirki rana, shi za ki shafa wa."

Ta ɗauki gwangwanin da burushin da ya sandare a ciki, ta fita da su riƙe a ƙirji.

Mai Daji bai yi mako ba bayan haka. Wata safiya Auta ta tsallako titi ba takalmi, ta tsaya a ƙofar Malama. Malama ta ajiye kofin shayinta, ta jawo ta jikinta. Ya tafi ne bayan ya sha ruwa ya ce a buɗe masa taga. Faifan itacen na kan gado kusa da hannunsa, kuma Auta ta ce tun jiya ya ce na Hedimasta ne, ta riƙa ɗora kofi, tunda ba ta yarda da komai sai ta taɓa.

Da aka kwana biyu Malama ta sake hawa motar haya. An gama aikin. An jera gungumen a bakin hanya, kututture ko'ina, wurin ya yi kama da bakin yaro mai famfara. Wasu sun yi gunaguni, an ce har da wanda ya rubuto takardar ƙorafi, amma ba wanda ya iya wuce kututturen farko bai yi shiru ba. Rana ta sauko har ƙasa, faci-faci, ɗalibai na zaune a cikinta suna auna kaurin waɗanda aka bari. Ta tsaya a ɗaya daga cikin facin har bayanta ya yi ɗumi, sannan ta koma gida.

Tana zaune a baranda da yamma, kofinta a kan faifan, matar direba ta leƙo tana kwashe shanya.

"Allah ya jiƙan Mai Daji. Amma ashe dai da gaske ne, Malama? An ce an sare."

Malama ta ɗaga kofin, ta share da'irar ruwan da ya bari a kan zobban da tafin hannu.

"Ba duka ba," ta ce. "Sun yi yawa ne, aka rage. Kuma da nasa ya fara."