Waya Daga Nkhata

Yotamu Chirwa yana gama karɓar saƙon wani ɗan kasuwa a kan buhunan shinkafa ke nan sai wani hannu ya shigo layin. Bai buƙaci a gaya masa ko wane ne ba. A duk tashoshin tangaraho da ke gefen tafkin Nyasa, Hezekia Mphande na Nkhata ne kaɗai yake buga ƙarfen aika saƙo kamar mai tuntuɓe, ya yi sauri, ya tsaya, ya sake kwasa. Tare suka koyi aikin a makarantar mishan tun ana kafa falwayoyin farko, kuma kullum da safe sai sun saci lokaci sun zagi juna da harshensu na Tonga.

Yau babu zagi. Hezekia ya ce Elita tana naƙuda tun jiya da rana, abin ya ƙi. Tsofaffin mata sun ce hannun jaririn ne ya fara fitowa.

Elita matar Yotamu ce. Shi da kansa ya sa ta a jirgin ruwa a farkon damina, ya tura ta wurin uwarta, domin cikin fari ne, kuma a nan Karonga ba su da kowa. Ba ta so tafiyar ba. Har aka ɗaga tsanin jirgin tana yi masa faɗa a kan kada ya riƙa cin kifin kasuwa.

Ya tashi ya nufi ƙofa, ya tsaya yana kallon ruwa, ya dawo ya zauna. Baturen tasha, wani siriri da zazzaɓi ya gama cinyewa, ya tambaye shi lafiya. Da ya ji, sai ya cire tabarau ya ce idan yana son tafiya ya tafi, shi zai riƙe ƙarfen. Sai dai jirgi ba zai zo ba sai mako mai zuwa, kuma dukansu sun san haka.

Baba Mwakasungula, tsohon da ke gyaran waya idan ta tsinke, yana zaune a baranda yana naɗe igiya. Ya leƙo ta taga.

"Da ƙafa kake tunani, ɗana? Ni da na saba ma sai na haura mako. Ga koguna sun cika. Kai da ko tudun kasuwa ka hau sai ka nemi kujera."

"To me zan yi, Baba?"

"Idan ka tafi, ka zama kurma har ka isa. Idan ka zauna, ka ji komai. Ban san wanne ya fi ba."

Yotamu ya zauna.

Waya ɗaya ce ta ratsa dukan tashoshin, saboda haka duk abin da aka buga a ko'ina, kowa yana ji. Ya ji Hezekia yana kiran asibitin mishan da ke kan dutse, tsakanin garuruwan biyu. An daɗe kafin a samo likita. Likitan ya fara tambaya, ma'aikacin wayarsa yana bugawa: jinin da yawa ne, tana iya magana, jaririn yana motsi? Kowace tambaya sai Hezekia ya juya ta zuwa Tonga, matarsa ta ɗauka da gudu zuwa gidan uwar Elita da ke bayan coci, ta dawo da amsa tana haki. Tsakanin tambaya da amsa ƙarfen yakan yi shiru, Yotamu kuma ya zuba masa ido kamar zai buɗe baki.

Likitan ya ce a ɗauko ta a kawo ta. Hezekia ya ce ba za ta kai ba. Sannan likitan ya ce a nemo wadda ta fi ƙananan hannuwa a cikin matan, ta wanke su da ruwan zafi, zai gaya mata yadda za ta juya jaririn, amma a bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya.

Yotamu bai iya daurewa ba. Ya shiga layin ya tambayi Hezekia ko Elita ta ambace shi.

"Ta ce a gaya maka kada ka taho," in ji Hezekia. "Ta ce ba ka iya tafiya ba. Yanzu sauka, kana cinye mana lokaci."

Ya sauka. Likitan ya fara bayani: a kwantar da ita ta gefen hagu, a jira ciwon ya lafa, sannan a sa hannu a nemi ƙafa. Yana cikin faɗin abin da za a yi idan an samu ƙafar, ƙarfen ya ɗaga bai sake faɗowa ba.

Yotamu ya duba batura, ya duba mahaɗa, ya sake dubawa. Komai daidai. Ya danna, ya danna, babu ko motsi. Baba Mwakasungula bai jira a kira shi ba. Ya rataya igiyarsa yana cewa ko dai itace ya faɗo, ko giwa ta sake samun wurin sosa baya, ya bi falwayoyin zuwa kudu.

Rana ta take, ta karkata. Mai kawo wa Yotamu tuwon rogo ta ajiye kwano ta tafi, ƙudaje suka same shi. Yotamu yana ta tambayar kansa inda wayar ta tsinke. Idan tsakaninsa da dutse ne, to watakila likita yana nan yana magana, shi kaɗai ne ba ya ji. Idan kuwa can gaba ne, to akwai wata mata mai ƙananan hannuwa durƙushe a ɗaki tana jiran sauran maganar. Ya yi addu'a, ya rasa me zai roƙa, sai ya roƙi Allah ya sa shi ne aka yanke.

Da la'asar ƙarfen ya farka. Amma babbar tashar kudu ce ta kama layin, da saƙonnin kamfani da na gwamnati da suka taru tun safe, kuma doka ce su ne a gaba. Yotamu ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta farashin auduga. Ya rubuta canjin wurin aikin wani jami'i. Ya rubuta cigiyar wani akwati da ya ɓata a jirgi. Hannunsa yana aiki shi kaɗai, bai kuskure harafi ko ɗaya ba.

Da layin ya sarara, sai aka kira Karonga. Hezekia ne, amma tuntuɓen ya tafi. A hankali yake bugawa, harafi bayan harafi, kamar ɗan koyo.

Ya ce mace aka samu, tana da rai, tana kuka da ƙarfi. Ya ce tsinkewar ta raba su da likita, matan suka ƙarasa da abin da suka sani. Sannan ya ce, "Ɗan'uwana, Elita kuwa, tun da rana Ubangiji ya..."

Yotamu ya buɗe makullin ƙarfensa.

Duk tashar da ta buɗe makullinta, layin gaba ɗaya yakan mutu har sai ta rufe. Daga kudu har iyakar arewa babu ƙarfen da ya sake motsi. Ya dafe makullin da yatsu biyu, yana jin ruwan tafki yana dukan gaɓa, da wata mata can tana kiran akuyarta.

Baturen, wanda ba ya jin Tonga, ya ɗago kai daga teburinsa. Ya dubi ƙarfen, ya dubi fuskar Yotamu. Ya taso ya tsaya a bayansa.

"Chirwa," ya ce daga baya, da murya ƙasa-ƙasa. "Akwai masu jira a layin."

"Na sani, Bwana."

Ya ƙara riƙewa kaɗan. Sannan ya rufe makullin, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, Hezekia ya ci gaba daga inda ya tsaya.