Ƙwayoyin da Suka Jeru Bayan Wucewar Haske

A shekarar 1998 gida ɗaya ne ke da wayar tarho a lungun su Dakta Asama'u a Kwarbai, wato gidan baffanta, Alhaji Yari mai sayar da yadi. Can ake kiranta daga Turai.

Asama'u tana koyar da fiziks a jami'a. Bincikenta a kan ƙwayoyin iskar gas ne, waɗanda ido ba ya gani, kowace tana wulwulawa yadda ta ga dama. An san hasken na'urar leza mai ƙarfi yana iya sa su jeru muddin yana kansu. Ita kuwa lissafinta ya nuna in aka ƙyalla musu hasken sau ɗaya aka ɗauke, za su watse, can kuma su sake jeruwa da kansu. Ba ta da irin wannan leza, don haka abokin karatunta, Dakta Nasidi, ya ɗauki nauyin gwadawa a ɗakin binciken da yake aiki a Turai.

Wata Asabar da hantsi ya bugo.

"Asama'u, mun gwada, ba mu ga komai ba. Maigidanmu ya ce a bar maganar."

Ta tambaye shi sanyin gas ɗin, ya faɗa mata.

"Ai da ɗumi kuka yi aiki," in ji ta. "Ku ƙara sanyaya shi. Kuma kun yi saurin dubawa, ku ɗan jinkirta."

"In kuma lissafin ne da kuskure fa?"

"Na bi shi ta hanya biyu daban, amsa ɗaya na samu. Ka roƙa mini maigidan naku a sake gwadawa sau ɗaya kawai."

Da ta ajiye wayar, Alhaji Yari ya dube ta. "Kin tabbata, 'yata? Kada ki ja wa yaron nan faɗa a wurin aikinsa."

"Na tabbata, Baffa. In Allah ya so za su gani."

Har damina ta yi nisa shiru. Ta ci gaba da zuwa aji, ba ta sake taɓa lissafin ba.

Ranar da wayar ta zo, tana tsakar gida tana taya innarta gyaran zogale. Ta tsallaka lungun hannunta duk ganye.

"Sun jeru!" Nasidi na ta ihu. "Daidai inda kika ce! Maigida da kansa yake son magana da ke."

Ta ce alhamdu lillahi, ta zauna a kan kujera. Maigidan, wani Bature, ya taya ta murna, ya tambaye ta me take ganin ya rage.

"Sun jeru, amma wasu kansu sama, wasu ƙasa," ta ce da shi cikin Turanci. "Ina so duka su fuskanci waje ɗaya. Na riga na fara lissafin."

Ya gayyace ta zuwa ɗakin bincikensa. Ta amsa, amma ta ce sai ɗalibanta sun gama jarrabawa, kuma da biyu daga cikinsu za ta zo.