Kan Injin Marigayi Tobita

Nagisa ce ta shigo da shi garejin a rungume, nannaɗe da tsohon bargo, ta dire a kan benci. Genzo bai jira an kwance ba, ya san ko mene ne. Kan injin mahaifinta ne, Tobita, mijin ƙanwarsa, wanda ya mutu a filin tseren da ke bayan duwatsun Numata tun tana 'yar makaranta. Motar ta yi kwatsa-kwatsa a kwanar ƙarshe, kan injin kaɗai ya fita lafiya.

Yanzu ita ke tsere, a wannan filin dai, kuma gasar kaka ta matso. Genzo ya riga ya kawo mata sabon kai wanda na'ura ta sassaƙa, bawul ɗinsa marasa nauyi, ƙofofin iskarsa manya. Ta ce ba ta so. Wai sabon sai an ƙure totur yake farkawa, filinsu kuwa kwana ce a kan kwana. Na babanta ƙofofinsa matsattsu ne, iska na shiga da gudu, mota na fizga tun daga ƙasa. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ba shi haushi.

"Kawu, tsufa ne kawai. Ka fara tsoron ƙarfe."

"Ke da na koya wa riƙe sifana? Matsa min daga haske."

Ya zura yatsa cikin ƙofar iskar. Da hannu Tobita ya goge ta, yana barin ɗan tudu gab da bawul, abin da ba wanda ya taɓa gane dalilinsa. Yatsan Genzo ya zauna daram, kamar wani ya zare nasa yanzun nan. Ƙarfen da ɗumi. Ya ce wa kansa ai rungumo shi ta yi. Da ya fito da yatsan sai ya ga farin gari. Ya lasa. Gishiri.

Da rana ya je wurin ƙanwarsa Fusae. Ba ta ɓoye komai ba, don ba ta ga abin ɓoyo ba. A gefen akwatin tunawa da mamata na cikin ɗaki take ajiye kan injin, kusa da hoton mijin. Tunda daga motar mutuwa ya fito, duk Obon, bikin tunawa da mamata, takan barbaɗa masa gishiri kamar yadda ake wa wanda ya dawo daga jana'iza, ta tsiyaya ɗan kofin barasar shinkafa a ramukansa, don marigayin yana sonta.

"Tsarkake shi nake yi, Yaya. Na san wata rana yarinyar za ta nema."

Genzo ya shanye shayinsa ya tashi.

Ya toshe hanyoyin ruwan kan injin, ya ɗura masa iska, ya nutsar da shi a tankin ruwan zafi. Nagisa na tsaye a bayansa. Da farko shiru. Can sai kumfa ya fara tasowa daga tsakanin bawul biyu. Ya taso, ya tsaya, ya sake tasowa. Genzo ya sha ganin kai mai yoyo, kumfan a jere yake zuwa ba hutawa. Wannan yana hutawa, kamar mai barci. Bai so kallonsa ba.

Ya gaya mata ba kwana-kwana. Gishiri ya ci ƙarfen ta ciki. In tana gudu ya ɓalle, ruwa zai faɗa kan fistin, inji ya cije, ƙafafun baya su ƙame a tsakiyar kwana. Ta ce a yi masa walda. Ya ce rami ɗaya ya nuna kansa, sauran fa? Ta ce to akwai mai gareji a Maebashi da zai liƙe mata ba surutu, ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Genzo ya riga ta. Ya ɗora shi a kan zarton inji, yana ɗigar ruwa, ya kunna.

"Ni na ɗauko ubanki daga kwanar nan. Ba zan ɗauko biyu ba."

Kan injin ya rabe. Cikinsa fari fat, yana marmashewa a hannu. Nagisa ta kalle shi, ta fita ba ta rufe ƙofa ba. Ta daina ɗaga wayarsa.

Shi kuwa yanzu ƙofar iskar da Tobita ya goge na buɗe a gabansa, ana ganin lanƙwasarta duka. Ya cike manyan ƙofofin sabon kan, ya zauna yana gogewa da hannu yana kwaikwayo. Aikin ya yi sauri fiye da yadda ya kamata. Wata safiya ya lura cewa da hagu yake riƙe da abin gogewar. Shi ba bahago ba ne. Tobita ne bahago. Ya ajiye, ya fita ya sha taba, ya dawo ya ƙarasa.

Ranar da aka haɗa injin Nagisa ta zo, uwarta na biye da ƙunshin abinci. Ba ta gaishe shi ba, ta shiga ta murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya kama, ta taka totur. Ƙararsa sak ta motar Tobita.

Fusae ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ba motar take kallo ba, hanya take kallo, inda mijinta yakan ɓullo.

Nagisa ta bar injin yana aiki. Ta sauke gilashi, idonta na kan allurar gudun injin.

"Kawu, ɗaure min bel ɗin kujerar nan, ya yi sako-sako."